Zama Huɗu a Ofishin Dakta Oziel

Ranar 8 ga Maris, 1990, 'yan sandan Beverly Hills da ke jihar Kalifoniya a Amurka suka dira wa wani masanin halayyar ɗan Adam, Dakta Jerome Oziel, riƙe da takardar izinin bincike. Abin da suka je karɓa kaset-kaset ne da ya adana a akwatin ajiya na banki. A wannan ranar aka kama wani saurayi mai suna Lyle Menendez. Bayan kwana uku ƙanensa Erik ya dawo daga gasar tanis a Isra'ila ya miƙa kansa. Ana tuhumar su da kashe iyayensu, kuma babbar hujjar da hukuma ta dogara da ita ita ce maganar da suka yi a ɗakin da mutum ke shiga don a sauke masa nauyin zuciya.

Shari'ar Menendez ta yi suna saboda dukiya da jini da talabijin, kuma fim ɗin da Netflix ya fitar a 2024 ya sake farfaɗo da ita. Mu abin da ya ja hankalinmu shi ne takardun jinya da kaset-kaset ɗin da suka ratsa shari'ar daga farko har ƙarshe. Muna so mu bi sawunsu, mu ga wanda ya rubuta su, da halin da yake ciki, da yadda ma'anarsu ta riƙa canzawa duk lokacin da suka sauya hannu.

Daren 20 ga Agusta, 1989, aka harbe Jose Menendez da matarsa Kitty da bindigogin farauta a cikin gidansu. Jose ɗan asalin Kyuba ne da ya zo Amurka yana matashi, ya yi arziki a harkar waƙoƙi da fina-finai. Lyle, mai shekara 21, shi ya kira 'yan sanda yana kuka. Shi da Erik, mai shekara 18, suka ce sun tafi kallon fim ne suka dawo suka tarar da gawarwaki. Da fari an fi zargin ƙungiyoyin 'yan daba masu hulɗa da harkar kasuwancin uban. Sai dai yadda 'ya'yan suka shiga facaka ya sa aka fara kallon su: agogunan Rolex, mota Porsche, gidan abinci a garin Princeton, da mai horarwa na musamman a wasan tanis. Amma zargi daban, hujja daban. Wata shida 'yan sanda suna lalube.

Erik ya san Oziel tun 1988, lokacin da aka same shi da hannu a fasa wasu gidaje aka tura shi neman shawarar ƙwararre. Ranar 31 ga Oktoba, 1989, ya je wurinsa cikin matsanancin ƙunci, ya gaya masa cewa shi da wansa ne suka yi kisan. Oziel ya kira Lyle ya zo. Bisa shaidar da Oziel ya bayar, Lyle ya fusata da jin cewa ƙanensa ya fasa ƙwai, ya kuma yi maganganun da suka sa likitan ya ji ransa na cikin haɗari. Suka sake zama ranar 2 ga Nuwamba. Ranar 28 ga Nuwamba Erik ya zo shi kaɗai. Ranar 11 ga Disamba su biyu suka zauna, aka kunna rikoda. A kan waɗannan zama huɗu kotunan Kalifoniya suka shafe fiye da shekara biyu suna jayayya kafin a fara shari'ar kisan kanta.

Domin mu gane abin da ake jayayya a kai, sai mun koma baya. Likitocin Turai sun daɗe suna rantsuwar riƙe sirrin majiyyaci, amma dokar Ingila, wadda Amurka ta gada, ba ta ɗauki wannan rantsuwa a matsayin abin da zai hana shaida ba. A 1776 aka gurfanar da Elizabeth Chudleigh, matar basaraken Kingston, a gaban Majalisar Dattawan Ingila bisa laifin aure kan aure. Aka kira likitanta, Caesar Hawkins, ya ba da shaida. Ya tambaya ko dole ne ya faɗi abin da ya sani ta hanyar sana'arsa. Babban alƙali Mansfield ya amsa masa da cewa likitan da ya tona sirri don raɗin kansa ya zubar da mutuncinsa, amma wanda kotu ta tambaya ba shi da mafita sai ya faɗa. Jihar New York ce ta fara karya wannan ƙa'ida da doka a 1828, ta ba sirrin likita da majiyyaci kariya. Sauran jihohi suka bi sannu a hankali.

Kalifoniya ta yi sabuwar dokar shaida a 1965, ta fara aiki a 1967, ta kuma ware wa masu jinyar ƙwaƙwalwa kariya mai ƙarfi fiye da ta sauran likitoci. Dalilin a fili yake. Mai gyaran karaya zai iya aikinsa ko majiyyaci bai ce uffan ba, amma mai jinyar damuwa ba shi da kayan aiki sai abin da aka gaya masa. Saboda haka a ƙarƙashin wannan doka, ko da mutum ya gaya wa likitansa cewa ya yi kisa a baya, maganar tana nan a rufe. Sai dai dokar ta bar wasu ƙofofi. Biyu daga ciki su suka shafi labarinmu. Sashe na 1024 ya ce babu kariya idan likita yana da dalilin yarda cewa majiyyacin haɗari ne ga kansa ko ga wani, kuma sai an tona maganar za a iya kawar da haɗarin. Sashe na 1016 ya ce babu kariya idan majiyyacin da kansa ya kawo batun lafiyar ƙwaƙwalwarsa gaban kotu.

Ƙofar farko ta ƙara faɗi ne bayan wani kisa a garin Berkeley. A 1969 wani ɗalibi ɗan Indiya, Prosenjit Poddar, ya gaya wa masanin halayyar da ke duba shi a asibitin Jami'ar Kalifoniya cewa zai kashe wata yarinya da ta ƙi shi. Likitan, Lawrence Moore, ya sanar da 'yan sandan jami'a. Suka tsare Poddar na ɗan lokaci, ya yi alkawarin zai fita harkarta, suka sake shi. Babu wanda ya gaya wa yarinyar ko iyayenta. Ranar 27 ga Oktoba, 1969, Poddar ya kashe Tatiana Tarasoff. Iyayenta suka kai ƙara, kuma a 1976 Kotun Ƙolin Kalifoniya ta yanke cewa likitan da ya ga alamar haɗari na gaske wajibi ne ya ɗauki matakin kare wanda ake hari, ko da hakan na nufin tona sirri. Hausawa kan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma babu mai hankalin da zai ce a haɗiye maganar da za ta ceci rai. Manufar hukuncin Tarasoff ke nan: a ceci wanda ke raye.

A shari'ar Menendez kuwa waɗanda aka kashe sun riga sun yi wata biyu a kabari kafin Erik ya buɗe baki. Babu abin da tona ikirarinsa zai tsinana musu. Wanda ke cikin haɗari shi ne Oziel, da matarsa, da wata mata da yake nema a waje, Judalon Smyth, waɗanda ya gaya wa abin da ya ji bisa hujjar cewa yana gargaɗin su ne. Da suka ɓata da Smyth a watan Maris na 1990, ita ce ta je wurin 'yan sanda ta ba da labarin kaset-kaset ɗin. Ta wannan hanya sirrin ya fita.

A Agustan 1990 alƙali James Albracht ya ce barazanar da aka yi wa likitan ta rushe kariyar gaba ɗaya. Lauyoyin 'yan'uwan suka ɗaukaka ƙara, har magana ta kai Kotun Ƙolin jihar. A Agustan 1992 kotun ta raba abin gida biyu. Zaman 31 ga Oktoba da na 2 ga Nuwamba ba su da kariya, domin a lokacin Oziel yana da dalilin jin tsoro da dalilin yin gargaɗi. Zaman 28 ga Nuwamba da na 11 ga Disamba suna nan a rufe, domin ba a nuna cewa sai an tona su haɗarin zai kau ba. Kotun ta kuma tsaya a kan matsayin da ta ɗauka a wata shari'ar kisa a 1991, cewa idan kariya ta faɗi ta faɗi ke nan, ko da haɗarin ya wuce kafin a zo gaban alƙali. Magana zarar bunu ce. Dokar da aka yi don kare rayayye ta zama mabuɗin tabbatar da laifin da aka riga aka aikata. Da Lyle ya yi shiru ranar 31 ga Oktoba, da ikirarin ƙanensa bai shiga kotu ta wannan ƙofa ba.

Yanzu sai mu duba abin da ake kira bayanan jinya a nan. Mai jin labari daga nesa zai ɗauka muryar 'yan'uwan ce a dukkan kaset-kaset ɗin. Uku daga cikin zama huɗun babu muryarsu ko kaɗan. Oziel ne ya zauna daga baya yana faɗa wa rikoda abin da ya tuna. Kuma mutumin da ke wannan tunawa yana jin tsoro, ya kuma gaya wa 'yan'uwan cewa ya ajiye bayanan da za su fito fili idan wani abu ya same shi. Wato bayanan garkuwarsa ce tun ranar da aka yi su. Wanda ya rubuta takarda don ta kare shi zai fi jaddada abin da ke nuna haɗarin mutanen da yake tsoro, ko da bai yi niyyar ƙarya ba. Zama na huɗu, wanda ke ɗauke da muryarsu, an ɗauke shi ne da sanin lauyan da ke tsaya musu a lokacin, da tunanin cewa wata rana zai iya amfani wajen neman sassauci. Kowa a ɗakin ya san akwai kunne na huɗu da zai iya saurare nan gaba.

An fara shari'a a Yulin 1993, ana nuna ta kai tsaye a tashar Court TV. A tsarin Amurka mutum goma sha biyu daga cikin jama'a ne ke zama su taya alƙali yanke hukunci, kuma a wannan karo kowane ɗaya daga cikin 'yan'uwan an ware masa nasa ayarin. Oziel ya shafe kwanaki yana ba da shaida cewa sun gaya masa sun tsara kisan ne don su kuɓuta daga uba mai danniya. Lauyar Erik, Leslie Abramson, ta mayar da shari'ar kan likitan kansa: nemansa da Smyth, son kuɗinsa, da yadda ya riƙa yawo da sirrin majiyyata. Smyth, wadda ita ta tona maganar, ta dawo ta ba da shaida a ɓangaren waɗanda ake tuhuma, ta ce Oziel ya juya mata tunani.

'Yan'uwan ba su musa kisan ba. Abin da suka ce shi ne ubansu ya shafe shekaru yana lalata da su, uwar ta sani ta yi shiru, kuma a kwanakin ƙarshe sun yi imani iyayen za su kashe su don kada asiri ya tonu. Da wannan kariya suka buɗe ƙofa ta biyu da hannunsu. Alƙali Stanley Weisberg ya ce tunda sun kawo halin ƙwaƙwalwarsu gaban kotu, kaset ɗin 11 ga Disamba ya rasa kariyar da Kotun Ƙoli ta ba shi. Aka kunna shi. An ji Lyle yana bayanin cewa sun kashe uwarsu ne don su raba ta da wahalar da take ciki. An ji Erik yana kuka. Ba a ji wani ya ambaci lalata ba.

Masu gabatar da ƙara suka riƙe wannan shirun da hannu biyu. Suka ce mutumin da ya iya gaya wa likitansa ya yi kisa, me zai hana shi faɗin dalilin, in da dalilin gaskiya ne? Masu kariya suka amsa da cewa ga namijin da ubansa ya yi lalata da shi, furta wannan ya fi furta kisa nauyi. Suka kuma tunatar da kotu cewa tun 1988 Jose ne ya ɗauko Oziel yake biyan sa, kuma an sa Erik ya yarda likitan ya riƙa sanar da iyayensa abin da ya faɗa. Yaron da ya san maganarsa za ta koma kunnen ubansa ba zai saba da sakin jiki a wannan ɗaki ba. A nan muke ganin babban haɗarin ɗaukar bayanan jinya a matsayin hujja. Abin da majiyyaci ya faɗa ana karanta shi a matsayin ikirari, abin da bai faɗa ba kuma ana karanta shi a matsayin shaidar cewa bai faru ba. Alhali duk wanda ya taɓa kai kukansa wurin wani ya san ba a rana ɗaya ake zazzage ciki ba. A Janairun 1994 ayarin biyu suka kasa cimma matsaya.

Shari'a ta biyu ta fara a Oktoban 1995, babu kyamarori, ayari ɗaya. Masu gabatar da ƙara sun koyi darasi: ba su kira Oziel ba, suka bar kaset ɗin ya yi magana. Alƙali ya taƙaita shaidun lalatar da aka ji a karon farko. Ranar 20 ga Maris, 1996, aka same su da laifin kisan ganganci.

Sai wata takardar ta sake tayar da ƙura yayin da ake sauraron ko za a yanke musu kisa. Dakta William Vicary, likitan ƙwaƙwalwar da ya duba Erik a gidan yari a ɓangaren masu kariya, ya amsa a gaban kotu a watan Afrilu cewa ya goge wasu sassa daga bayanansa ya sake rubuta wasu shafuka. Ya ce Abramson ce ta matsa masa ya cire abubuwan da za su iya cutar da wanda take karewa. Asirin ya tonu ne saboda kwafin asali ya faɗa hannun masu gabatar da ƙara. Hukumar likitocin jihar ta ladabtar da Vicary, binciken da aka yi wa lauyar kuma an rufe shi ba tare da hukunci ba. Oziel ma ya miƙa lasisinsa a 1997 yayin da ake tuhumar sa da tona sirrin majiyyata da yin hulɗar da ba ta dace ba da wasu daga cikinsu. Likitoci biyu suka rubuta bayanai a kan Erik Menendez, ɗaya bayanansa suka amfani hukuma, ɗaya aka shirya nasa don kariya, kuma kowannensu ya fita daga shari'ar da tabo a sana'arsa. A Yulin 1996 aka yanke wa 'yan'uwan ɗaurin rai da rai ba tare da damar saki ba.

Makonni kaɗan kafin wannan hukunci, ranar 13 ga Yuni, 1996, Kotun Ƙolin Amurka ta yi magana a kan ainihin tambayar a wata shari'a dabam, ta Jaffee da Redmond. Wata 'yar sanda a jihar Illinois, Mary Lu Redmond, ta harbe wani mutum a bakin aiki a 1991, sannan ta je neman shawara wajen ƙwararriya kusan sau hamsin. Dangin mamacin suka kai ƙarar diyya suka nemi bayanan zaman. Aka ƙi bayarwa, alƙali ya ce wa masu taya shi suna iya ɗauka cewa abin da ke ciki bai yi wa 'yar sandan daɗi ba, aka yanke mata biyan dala 545,000. Kotun Ƙoli, da rinjayen bakwai da biyu, ta ce bayanan suna da kariya. Mai shari'a John Paul Stevens ya kawo hujjar da muke ganin ita ce zuciyar maganar: idan mutane suka san abin da suka gaya wa likita zai iya zama makami a kansu, ba za su faɗa ba, saboda haka shaidar da kotu ke kwaɗayi ba za ta taɓa samuwa ba. Kotu ba ta ci riba ba, majiyyaci kuma ya rasa magani. Mai shari'a Antonin Scalia ya ƙi yarda. Ya ce mutane sun shafe ƙarnuka suna kai damuwarsu wurin iyaye da abokai, kuma doka ba ta hana a kira uwa ta ba da shaida a kan ɗanta ba.

Hujjar Scalia tana da nauyi, domin duk kariyar sirri tana da wanda ke biyan kuɗinta, kuma sau da yawa dangin mamaci ne. Ba za mu yi musun cewa kaset-kaset ɗin Oziel sun kai ga mutanen da suka yi kisa da gaske ba. Amma akwai hanyar da ta raba abubuwa biyun da Kalifoniya ta haɗe. A 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke San Francisco, a shari'ar Chase, ta ce likita zai iya gargaɗin wanda ke cikin haɗari, amma wannan bai ba shi damar tsayawa daga baya ya ba da shaida a kan majiyyacinsa ba. Gargaɗi aikin ceton rai ne, shaida kuma aikin hukunci ne. Sakamakon haka, a jiha guda, amsar tambayar ta danganta ga ko kotun jiha aka shiga ko ta tarayya. Mu dai muna ganin kotun tarayyar ta fi kusa da daidai, kuma labarin Oziel da Vicary ya ba mu dalili na biyu bayan wanda Stevens ya kawo: da zarar likita ya san bayanansa za su iya zuwa kotu, ya fara rubuta su da ido ɗaya a kan alƙali, sai su rage amfani ga jinya, su kuma rage cancantar a gaskata su.

Takardun masana ba su rabu da 'yan'uwan ba har yau. Ranar 13 ga Mayu, 2025, alƙali Michael Jesic ya rage musu hukunci zuwa ɗaurin da ya kama daga shekara 50 har zuwa rai da rai, abin da ya ba su damar neman saki bisa sharaɗi. Daga cikin abin da aka duba akwai rahoton masana halayyar ɗan Adam da Gwamna Gavin Newsom ya sa aka yi, wanda ya sanya su a matakin matsakaicin haɗari. A Agustan 2025 hukumar sakin fursunoni ta ƙi sakin su, ta ce su jira shekara uku, tana mai kafa hujja da karya dokokin gidan yari, ciki har da riƙe wayoyin salula. Wannan rahoto ya bambanta da na 1989 ta fuska ɗaya mai muhimmanci. Waɗanda suka zauna da su a wannan karo ma'aikatan hukuma ne, kuma kowa ya san inda rahoton zai je tun kafin a fara magana. Ba wanda ya shiga ɗakin yana zaton magani ya zo nema.

Mafi yawan masu zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa ba su kashe kowa ba, ba kuma za su kashe ba. Akwai mai jegon da wasu tunane-tunane ke firgita ta game da jaririnta, da sojan da ya dawo daga yaƙi da fushin da bai san inda zai kai shi ba, da matashin da ke jin muryoyi. Su ne ke auna kowace kalma kafin su furta ta idan sun ji cewa wani ya taɓa yin magana a irin wannan ɗaki aka kunna masa ita a kotu. Ba sa zuwa gaban alƙali, saboda haka babu shari'ar da ke ɗauke da sunansu, amma duk hukuncin da aka yanke a kan sirrin ɗakin magani a kansu yake sauka.